Ragon Abigel

Ranar Asabar ta uku a watan Satumba na 2004 na sayi rago a hannun wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara sayen dabba da kaina ba.

An haifi jikata ran Lahadi, suna sai Lahadi ta sama. 'Yata Salwa ta kira ni daga asibiti, ta yi mini magana da Turanci kamar yadda take yi in tana son a gama da wuri. Ta ce mijinta Moctar da danginsa sun ɗauki komai, abinci da kujeru da kiran liman. Abu ɗaya take so daga gare ni, ragon suna. Sunan mahaifiyarta za a sa wa yarinyar.

"Baba, in ba za ka iya ba ka faɗa tun yanzu," in ji ta.

A ƙa'ida uban jaririya ke kawo rago. Na san ƙwace aikin ta yi daga hannun mijinta don ta buɗe mini wata 'yar ƙofa ta shiga gidanta, na kuma san ba za ta buɗe ta sau biyu ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar matata Jimmai, kuma a cikinsu sau biyu na taka gidan Salwa. Tana ganin da littafi a hannu na yi jinyar uwarta. Ba ta yi mini ƙarya ba.

Na ce zan iya. Shekara goma sha huɗu na yi ina koyar da tarihi a Kano kafin mu zo Greensboro in koma jera littattafai a kanta. Mutumin da ya san dalilan faɗuwar dauloli bai kamata rago ya gagare shi ba.

Akwai wani manomi a Pleasant Garden da muke sayen rago a wurinsa kowace Sallah. In na ce muke saye, Jimmai nake nufi. Ita ke kiransa, ita ke tambayar lafiyar gwiwar matarsa, ni ina cikin mota ina jira. Ran Alhamis na je da kaina. Na tarar babu shinge, babu rumfa, sai jar ƙasa da ƙananan tutoci da harsashin gidaje guda shida. Lambar wayarsa kuwa a kan Jimmai take, kuma ta tafi da kanta.

Ran Juma'a bayan masallaci na gaya wa Nouhou, kawun Moctar. Badamagare ne, tasi yake ja, kuma tun ranar ɗaurin auren yaran nan bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bakano, shekara talatin Hajiya na riƙe maka duniya, yau ka fito neman inda aka ajiye ta," in ji shi. "Bon. Jiya na kai fasinja wajen bikin nan na manoma da suke yi kowace shekara. Tumaki ne fal, wallahi, kamar kasuwar Matameye. Gobe ake gwanjonsu. Ka zo da igiya."

Na zo da igiya.

Ban taɓa ganin karar dabbobin da ake biyan kuɗin shiga ba sai ranar. Muka ratsa ta tsakanin liluna masu juyawa da yara suna ihu a sama, da masu soya abubuwan da Allah bai halitta don suya ba. Rumfunan dabbobi suna can baya. Muka wuce ta aladu da sauri, Nouhou yana toshe hanci da hularsa. A rumfar tumaki na tsaya ina neman dillali. Babu dillali. Babu ma babba ko ɗaya da ke riƙe da dabba. Yara ne, maza da mata, sanye da fararen riguna, wasu suna wanke tumaki da sabulu, wata tana busar da nata da na'urar busar da gashi irin ta mata. An aske tumakin ƙwal. Ba ƙaho, ba wutsiya.

"Ina masu kayan?" na tambayi Nouhou.

"Ga su nan kana kallo."

Muna tsaye wata yarinya ta nufo mu. Gashinta kitso biyu, da waya a haƙoranta. Ta miƙo mini hannu kamar ma'aikaciyar banki, ta fara magana da Turanci, da ji ka san hadda ce. Sunanta Abigel, daga Summerfield. Ragonta sunansa Biskit. Tun watan Afrilu take kiwonsa, tana ba shi abinci ƙarfe shida kafin ta tafi makaranta, da yamma kuma ta zagaya da shi. Nauyinsa laba ɗari da ashirin da takwas. Za ta ji daɗi in na taya shi a gwanjo.

Na shiga shingen. Na buɗe bakinsa na duba haƙora, bai shekara ba. Na matsa gadon bayansa, na danna ƙugu, na ɗaga ƙafa na duba kofato. Tun ina yaro ina bin ubana kasuwar Wudil ban taɓa ɗora hannu a kan dabba mai cika irin wannan ba. Batun shekaru da wutsiya ya ɗan dame ni, amma na yi karatun da ya isa in san akwai malaman da suka yi sassauci a kan duka biyun. Amfanin karatu ke nan, duk ramin da ka faɗa wani ya riga ka ya bar tsani.

Wannan nake so. Saboda haka na yi abin da ubana ya koya mini, abin da duk mai hankali ke yi a gaban kayan da ya shiga ransa. Na ɓata fuska, na fara kushe shi.

Na yi da Turancina mafi kyau. Na ce ina ƙahonsa? Wa ya yanke masa wutsiya kamar akuya? Na ce an dandaƙe shi, ga shi ƙarami, kuma wannan ƙiba ta abincin buhu ce, kwana biyu a turke za ta zube. Na ce a garinmu mutum zai ji kunyar ɗaure wannan a ƙofar gida. Sai na kakkaɓe hannuwana na juya kamar zan tafi, ina jira ta kira ni. A Wudil nan ne mai kaya zai rantse da girman Allah, ya ce ko a Sakkwato ba a ga irinsa ba, ni in yi dariya, a fara ciniki.

Ba ta kira ni ba. Da na waiwaya ta dafa wuyan ragon.

"Na gode da lokacinka, yallaɓai," ta ce. Wannan ma hadda ce. Ta ja ragon ta koma bayan tarin ciyawa.

"Wannan kuma wace irin dabara ce?" na ce da Nouhou.

"Dabara? Kuka take yi, Farfesa."

"Me na yi mata? Ciniki na buɗe."

"Ka buɗe shi, ai ga shi nan a buɗe."

Wata mata a bakin ƙofa ta karɓi lasin tuƙina ta rubuta, ta ba ni kwali mai lamba sittin da uku. Muka hau benci a gefen wani zagayayyen fili da aka zuba wa garin katako. Mai gwanjo yana sama da lasifika, yana zuba magana kamar ana kaɗa kalangu. Shekara goma sha shida ina ƙasar, na karanta littattafansu fiye da yawancinsu, amma ban tsinci kalma ɗaya ba.

Abin da idona ya gani ya fi ruɗa ni. Yaro ya shigo da rago. Wani mai taye a wuya daga banki ya ɗaga kwali, wani mai sayar da tarakta ya ɗaga nasa, suna yi wa juna dariya. Farashi yana hawa, kowa yana murna. Da ya wuce kuɗin rago uku aka yi tafi. Da ya wuce na biyar mutane suka miƙe tsaye. Wanda ya saya bai ko taɓa dabbar ba, bai duba haƙori ba. Ya sauko aka ɗauke su hoto da yaron, ya koma ya zauna yana share gumi kamar wanda ya ci zaɓe.

"An cuce shi kuma yana godiya," na ce.

Nouhou ya daɗe yana kallo. "Bakano, waɗannan ba saye suke ba. Liƙi suke yi. Biki ne, yaran su ne amare. Ka ga wancan mai tayen? So yake a gan shi."

"To ragon fa?"

"Ragon shi ne makaɗi."

Ban gamsu ba, amma ban da wani bayanin da ya fi nasa.

Abigel ce ta goma sha bakwai. Ta shigo idanunta jajur. Sauran yaran suna riƙe haɓar dabbarsu suna murmushi ga benci, ita kuwa ƙasa take kallo, ragon ya ji hannunta ba daidai ba ya turje a tsakiyar fili. Mai gwanjo ya yi ta kaɗa kalangunsa, kwali ɗaya ya tashi, sai shiru. Na ɗaga nawa. Wani mai jar hula ya ɗaga. Na ɗaga. Ban san nawa ake kira ba, na dai san gobe Lahadi. Duk sanda wani ma'aikaci da ke gefen fili ya nuna ni da yatsa ya yi ihu, sai in ɗaga. Har sai da Nouhou ya riƙe mini hannu.

"Ya isa! Kai kaɗai ka rage, kanka kake tayawa."

Aka buga guduma, aka yi tafi. Kuɗin rago huɗu na biya. Wani ya bubbuga kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka, aka tura ni gaban wani labule aka tsayar da ni kusa da yarinyar da ragon. Hoton yana nan. Ni na yi kama da wanda aka kama a kan iyaka, ita kuma ta karkata jikinta nesa da ni. Ta miƙo mini wani ɗan kwando da zuma a ciki da katin godiya, ba ta dube ni ba.

Nouhou ne ya tsuguna a gabanta da Turancinsa na tasi.

"Ƙanwata, kin ga mutumin nan? Daga Kano yake. Su a can, abin da suke so shi suke zagi. Da ragonki bai yi masa ba, da sai ya ce kai, kyakkyawa ne, ya wuce. Matarsa ma shekara talatin bai taɓa cewa miyarta ta yi daɗi ba, kuma kullum sai ya ƙara."

Ta ɗago ta dube ni. "Da gaske?"

"Da gaske," na ce. "Ban taɓa ganin rago kamarsa ba."

Ta goge hanci da bayan hannu. Na ɗauka an gama.

A teburin biya wata mata mai tabarau a wuya ta turo mini takarda, ta nuna gurbi biyu. In na zaɓi na farko, za a kai ragon mahauta, bayan kwana goma in je in karɓi nama a naɗe a leda. In na zaɓi na biyu, in bar musu shi su sake sayarwa, su rage mini wani abu.

Na ɗora igiyata a kan teburin. "Da shi zan tafi."

"Da wa?"

"Da ragon. Na saye shi."

"Ka saye shi, gaskiya ne. Amma duk dabbar da ta shiga filin nan tirela take hawa ƙarfe huɗu. Doka ce, tana shafi na biyu."

Na karanta shafi na biyu. Tana nan kuwa. Na biya kuɗin rago huɗu, an tafa mini, an ba ni zuma, kuma ba ni da rago. Naman ragon da wani zai kashe a inda ban gani ba, ba a ambaci sunan Allah ba, ba a ambaci sunan jikata ba, ya zo bayan kwana goma, me zan kai wa Salwa da shi? Na gyara tsayuwa na fara yi wa matar bayani tun daga tushe, yadda ake yi a ƙasashen Musulmi in an yi haihuwa, da abin da ake yi a rana ta bakwai. Layi ya taru a bayana. Ina gab da isa wurin da ya kamata sai Nouhou ya take mini ƙafa.

"Kada ka ce yanka," ya ce da Hausa, yana yi wa matar murmushi. "In ka ce yanka za su ce a ina, kuma filin gidan abokina da za mu yi yankan ba shi da takarda."

Na haɗiye sauran. Na ce da matar, "Da ransa nake son shi. Ba ni da bukatar nama a leda. Da ransa."

"Gida za ka kai shi?"

Muryar daga bayana ta fito. Abigel ce, riƙe da ragamar ragon, ta zo miƙa shi ga masu tirela.

"Gida za ka kai shi? Da ransa?"

Na ce e. Me zan ce? Gaskiya ce.

Ta saka mini ragamar a hannu ta ruga. Kafin in gane abin da ke faruwa ta dawo tana jan wani tsoho mai malafa, shugaban masu shirya gwanjon, uwarta tana biye. Magana take yi ba numfashi. Mutumin nan saboda Biskit ya zo. Ya duba shi fiye da alƙalin gasa. Ya biya fiye da kowa a layinta. Ba ya son nama, ya faɗa da bakinsa, ta ji. Ta san doka, ta sa hannu a kanta tun Afrilu, ba ta roƙi kowa ba, ba ta yi kuka a fili ba, amma tunda shi ne ya nema, ba ita ba.

Tsohon ya cire malafa ya sosa kai. Ya ce dokar an yi ta ne don cuta, da kuma don kada yara su riƙa bin masu saye suna roƙo. Ya ce shekara tara bai sa hannu a irin wannan ba. Ya dube ni.

"Kana da wurin ajiye shi?"

"Akwai fili, akwai ciyawa, akwai inuwa," in ji Nouhou da sauri. Wannan ma gaskiya ce.

Uwar ta matso. Ta dubi igiyata, ta dubi hular Nouhou, ta dube ni. Mace ce da ta girma a gona, ina jin ta gane. Ta dubi 'yarta, wadda fuskarta ta koma kamar an kunna fitila a ciki, sai ta kawar da kai ta shiga neman wani abu a jakarta.

Tsohon ya rubuta layi biyu a ƙasan takardar ya sa hannu.

Har wurin ajiye motoci Abigel ta raka mu, tana rungume da rabin buhun abinci da buroshi. Nouhou ya shimfiɗa tsohon bargo a kujerar baya yana cewa bai taɓa ɗaukar fasinjan da ya fi wannan tsabta ba, har da Kanawa. Ita ce ta lallaɓa ragon ya hau. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Gwangwani biyu da safe, biyu da yamma. Kada a ba shi ɗanyar ciyawa da yawa a rana ɗaya, cikinsa zai kumbura. Yana tsoron tsawa. In aka sosa masa bayan kunnen hagu yana lumshe ido. Kuma tumaki ba sa son kaɗaici, in da hali nan gaba in samo masa aboki.

Na tsaya da buroshi a hannu. Jimmai da ta san yadda ake faɗin irin wannan magana ga yarinya, ta faɗe ta a tsugune, har ma su rabu suna dariya. Ni na tsaya ina jera jimlar a kaina, ina neman kalmar da ta dace da ta farko. Na same ta, na buɗe baki. Lasifika ta kira yaran rumfar tumaki su zo ɗaukar hoton ƙungiya. Ta sumbaci goshin ragon ta tagar mota, ta ce da ni, "Kai ne mutumin da ya fi kowa kirki a nan," ta ruga.

Muka kama hanya. Ragon ya ɗora haɓarsa a kafaɗar kujerata. Wajen wata danja Nouhou ya ce, "Ba mu yi ƙarya ba fa."

"Ko ɗaya," na ce.

Washegari da hantsi, a filin gidan abokin Nouhou, liman ya dubi wurin da wutsiyar ragon ya kamata ta kasance, ya dube ni, ya ce Allah ya karɓa. Moctar ya raɗa wa liman sunan jaririyar. Ni na riƙe kan ragon. Na sosa masa bayan kunnen hagu, ya lumshe ido, aka ce Sa'adatu, sunan yankan Jimmai.

Mutane sun yaba naman. Wata Hajiya ta ce tun da ta bar Maraɗi ba ta ci irinsa ba, ta tambaye ni inda na samo, na ce nesa. Da la'asar Salwa ta fito daga ɗaki ta ɗora mini jaririyar a cinya ba tare da na nema ba. Ta tsaya tana gyara mata hula, sannan ta ce da Hausa, "Baba, ka ci abinci kuwa?" Tun daga ranar ina zuwa gidan kowace Lahadi.

Da shekara ta zagayo na koma wajen bikin ni kaɗai, na biya kuɗin shiga, na bi rumfar tumaki shinge bayan shinge. Matar mai tabarau ta gane ni. Ta ce iyayen Abigel sun sayar da gonarsu sun koma wata jiha tun bazara, ba ta san wacce ba. Ta tambaye ni ya Biskit, na ce mata ina sauri.

Jimlar da na zo da ita gajera ce, shekara guda ina rage ta. Abigel, kwana ɗaya ya yi a wurina.